Guzurin Inna Tereza

"Sun mayar da Fada daga bakin ƙofa."

Mounira ta manna wayar a kunne, ta toshe ɗaya kunnen da yatsa, don kasuwar Parakou ta riga ta cika, ga 'yan zem suna ta danna odar baburansu a bayan rumfarta. Zoulaïha ce, matar yayanta, take kira daga Djougou, kuma raɗa take yi kamar wadda ta ɓuya a bayan ɗaki.

"Wa ya mayar da shi?"

"Wa kuwa? Yayanki da Baffa Abdulbaƙi. Inna ce ta sa na aika aka kira shi da safe. Ya zo da 'yar jakarsa, ya yi sallama, suka ce masa gidan nan maza ba sa shiga. Mounira, jikin ya yi tsanani. Tun jiya ko kunu ba ya wucewa sai da cokali. Likita ya zo ya duba, ya fita bai rubuta komai ba."

"Tana magana?"

"Kalma ɗaya take ta maimaitawa. Guzurina, guzurina. Ni dai na san ba fura take nufi ba."

Mounira ta san abin da take nufi. Jikin Almasihu ne, gurasar da Fada, limamin coci, ya tsarkake a Misa, wadda ake kai wa ɗan Katolika idan tafiyar ƙarshe ta matso. Ta miƙe da sauri har ta hankaɗe tiren wagashinta, cukwi biyu suka gangara ƙasa.

"Mariatou!" ta ƙwala wa maƙwabciyar rumfarta kira. "Ga kayana nan, ki sayar ko ki cinye."

"Lafiya?"

"Inna ce."

A tasha ta tarar da taksin Djougou saura mutum ɗaya. Ta cusa kanta a tsakanin wani Bafulatani da buhun doya, mota ta tashi. Damina ce, an kwana ana ruwa, direba yana ta kauce wa ramuka yana tsine wa duk wanda ya yi hanyar. Ita kuwa ko gadar Bétérou ba ta lura an wuce ba.

Babansu, marigayi Alhaji Bachir, dillalin shanu ne da kowa ya sani a Djougou. Ya auri Tereza tana Kirista, ya ce ba zai taɓa addininta ba, bai kuma taɓa ba. Shekara arba'in, duk ranar Lahadi shi da kansa yake sa a kai ta Misa. 'Ya'yan nasa ne, Musulmi suka tashi. Sai Mounira, auta, da ta kai ashirin da shida ta bi uwarta, aka yi mata baftisma da suna Monika. Ranar da yayanta Massaoudou ya ji, bai zage ta ba, bai ɗaga hannu ba. Shekara biyu cur ya yi bai amsa gaisuwarta ba, ita kuma ta tattara ta koma Parakou.

Da Alhaji ya rasu, ƙafafun Inna suka mutu, Massaoudou ya ɗauko ta ya kawo gidansa. Ya gina mata ɗaki mai fanka, bai rage ta da komai ba. Amma gidansa na kulle ne. Wata tsohuwa daga majami'a ce take kawo wa Inna Tarayya Mai Tsarki, wato gurasar nan, duk wata, har ita ma 'ya'yanta suka ɗauke ta zuwa Cotonou. Wata biyar ke nan Inna ba ta karɓa ba. Mounira tana ta cewa za ta zo, za ta zo, kasuwa tana riƙe ta. Yanzu ga inda za ta zon ta kai su.

Ana kiran azahar ta sauka a Djougou. Ba ta nufi gida ba, gidan Fada ta wuce.

Fada Sirili dogo ne siriri, takalmansa har yanzu da taɓon unguwar su Mounira. Ta miƙa masa katin da cocinta na Parakou ya ba ta, mai shaida cewa tana cikin waɗanda aka ba izinin kai wa marasa lafiya Tarayya. Ya juya shi gaba da baya.

"Ke ce Monika? Yayanki mutum ne mai ladabi. Tunda nake ba a taɓa korata da ladabi irin na yau ba. Har goro ya ba ni."

"Fada, ni mace ce, kuma 'yar gida ce. Ba wanda zai ce mini ba a shiga."

Ya ce ta biyo shi. A cikin majami'a babu kowa sai jar fitilar nan da ba ta mutuwa. Ya durƙusa, ya buɗe ma'ajin da ke bayan bagade, ya ɗauki guda ɗaya ya sa a wani ɗan gwangwani mai ruwan zinariya, faɗinsa bai wuce tafin jariri ba. Ya zura gwangwanin a 'yar jakar fata mai igiya, ya rataya mata a wuya.

"Kai tsaye, kada ki ratse ko'ina. Idan sun hana ki, ki dawo mini da shi. Kin ji? Kada ki yi dambe."

"In suka ce in buɗe su gani fa?"

"Ba kayan kallo ba ne."

"To shi ke nan, Fada. Dambe kuma ya rage nasu."

Tana fita daga harabar ta kulle bakinta. Haka Inna ta koya mata, yadda su ma aka koya musu a zamanin da: wanda ke ɗauke da Ubangiji ba ya gaisuwa, ba ya ciniki, ba ya waige, don yana tare da wanda ya fi kowa cancantar hankalinsa. A Parakou duk 'yan cocinsu sun sani. In suka gan ta da hannu dafe a ƙirji sai su sunkuyar da kai su ba ta hanya. Abin da ba ta tsaya ta tuna ba shi ne, nan ba Parakou ba ce. Nan unguwar da aka yanke mata cibi ce.

Hanyar gidan ta bi ta layin masu goro. Hajiya Hindou, ƙawar Inna tun suna amare, ta hango ta daga bayan huhunanta.

"A'a! Wa nake gani? Mounira 'yar Alhaji! Saukar yaushe? Ya mai jiki?"

Mounira ta ɗan rusuna ta wuce.

"Mounira! Ke, da ke nake!" Hajiya ta tafa hannu. "Ikon Allah! Jama'a, Parakou ta cinye wa yarinyar nan harshe."

Mai nama ya gaishe ta, shiru. Tela ya leƙo ta taga ya gaishe ta, shiru. Tafiyar ba ta kai ta minti goma sha biyar ba, amma labari ya riga ta isa gida: ga ƙanwar Alhaji Massaoudou nan tafe, ba ta yi wa kowa magana, ta riƙe wani abu a ƙirji.

Zauren cike yake. Maza shida a kan tabarma, sun dawo daga masallaci sun zauna zaman jiran abin da Allah zai yi. A tsakiya Baffa Abdulbaƙi, ƙanen babansu, farin gemu, carbi a hannu. Mounira ta tuɓe takalma, ta sunkuya, ta bi gefen bango za ta shige.

"Ke!" in ji Baffa. "Dawo nan."

Ta tsaya.

"Mu ne kika tsallake kamar garken awaki? Ko a can an hana ku gaida iyaye?"

Ta durƙusa har ƙasa, kanta a sunkuye, bakinta a rufe. Ta ɗauka durƙuson zai wadatar. Bai wadatar ba.

"Ku dube ta," in ji wani mai jar hula daga kusurwa. "Ku dubi hannunta. Mene ne wannan a wuyanta? Laya ce?"

Baffa ya ajiye carbin. "Na tsufa, amma ban makance ba. Mutum ɗaya na sani da ke ba ka abu ya ce kada ka yi wa kowa magana sai ka isa. Boka. Wane bokan ne ya aiko ki kan matar ɗan'uwana?"

Zauren ya ɗauki salati. A lokacin ne labulen ƙofar ciki ya motsa, Massaoudou ya fito ya cika ƙofar. Ƙato ne kamar babansu, mutumin da ke kama ƙahon bijimi ya durƙusar da shi a kasuwar shanu. Idanunsa sun yi ja, da gani ya kwana biyu bai yi barcin kirki ba.

"Mounira. Baffa yana miki magana."

Ta ji numfashin Inna daga can ciki, ko kuwa zuciyarta ce ta jiyo mata. Shirun da ta riƙe don girmamawa shi ne yanzu ya tare mata ƙofa. A ranta ta ce, Ubangiji, ka yi haƙuri, mutanen gidanmu ne. Sannan ta ɗago kai.

"Baffa, ina wuni. Ina gajiya. Ya gida, ya iyali, ya mai jiki? Yaya, ina wuni. Jama'a, sannunku da zama." Ta miƙe tsaye. "Na gaishe ku. A ba ni hanya."

"Ashe bakin yana aiki," in ji mai jar hula.

"Yana aiki, Malam. Kada ka so ka ji sauran aikinsa."

"Me ke cikin jakar?" in ji Massaoudou.

"Abin da Inna take kira tun jiya. Ka ji ta da kunnenka."

"Na Fadan nan ne?"

"Ba nasa ba ne. Shi ma bawa ne, aike yake kaiwa. Jikin Almasihu ne, Yaya. Ba boka, ba asiri. Abin da take karɓa tun ba a haife ka ba."

Baffa ya yi tsaki. "Subhanallahi. Jiki a cikin jaka. To buɗe mu ga jikin."

"Ba zan buɗe ba."

"In babu mugun abu, me zai hana?"

"Baffa, in aka ba ka amana ka kai wa mutum, kana kwance ta a zaure don 'yan kallo? An ba ni in kai wa Inna. Inna za ta gani."

"Cire ki ba ni," in ji Massaoudou, murya ƙasa-ƙasa. "Ba zan wulaƙanta shi ba. Zan sa a mayar wa mai shi. Ke kuma ki shiga ki ga uwarki, tun da sauran lokaci."

"Tare muka zo, tare za mu shiga."

Ya miƙo hannu ya kama igiyar. Ta rufe jakar da hannu biyu ta danne a ƙirji. Ya ja, ba da ƙarfi ba, amma hannun mai kama shanu ne, igiyar ta shige mata fatar wuya kamar wuƙa.

Tana yarinya, in ruwa ya hana su fita, Inna takan ba ta labarin waliyyai tana tsefe mata kai. Wanda ya fi zama mata a rai shi ne Tarsisiyus, wani matashi a birnin Roma a zamanin da ake farautar Kiristoci. An ba shi wannan aike ya kai wa waɗanda ke kurkuku. Aka tare shi a hanya aka ce ya nuna abin da ya rungume, ya ƙi. Suka yi ta dukansa har ya mutu, hannunsa bai buɗe ba. Sau nawa ta kwanta tana cewa da ita ce, ita ma haka za ta yi? Sai dai a duk tunanin nan, baƙi ne masu tare ta, masu mugayen fuskoki. Ba ta taɓa kawo cewa zai zama mutumin da ya goya ta zuwa lakwal, makarantar boko, ranar da ƙaya ta soke ta ba.

"Ja, Yaya," ta ce. "Ja da kyau. Igiyar za ta tsinke, in ta ƙi wuyan ya tsinke. Hannun nan dai sai ka karya shi yatsa-yatsa, a gaban Baffa, a zauren gidanka."

"Kada ki kai ni bango, Mounira."

"Kai ka kai ni. Ni ƙofa nake nema."

"Kina tsammani ƙin Inna nake yi?" Muryarsa ta fashe. "Wa ya ɗauke ta a hannu ya kai ta asibiti sau huɗu? Ke kina ina? Kina can kina sayar da cuku! Ni so nake in ta tafi, ta tafi inda zan same ta. Kusa da Baba. Kalma ɗaya nake roƙonta ta faɗa, kalma ɗaya tak, sai ga ki da wannan."

Maganar cukun ta shige ta, don gaskiya ce. Amma ba ta sassauta hannu ba.

"Na yi laifi, ban zo ba. Wannan tsakanina da ita ne. Amma Baba shekara arba'in yana tare da ita bai roƙe ta kalmar nan ba. Ka fi shi sonta ne, ko ka fi shi sanin Allah?"

"Kai!" Baffa ya buga sandarsa a ƙasa. "Massaoudou, ka tsaya mace tana auna ka da ubanka? Karɓe abin nan!"

"A kauce."

Ba Mounira ce ta faɗa ba. Daga bayan labule muryar ta fito, muryar mace, tana haki. Massaoudou ya waiwaya, igiyar ta suɓuce daga hannunsa.

Zoulaïha ce. Shekara goma sha ɗaya da aurenta, ban da mijinta babu namiji a zauren nan da ya taɓa ganin fuskarta da rana. Ga ta tsaye, ko mayafi babu sai ɗankwali, zufa tana zuba, ta goyo surukarta a baya da zani kamar jaririya. Kan Inna Tereza ya kwanta a kafaɗarta, farin gashi a barbaje, siraran ƙafafunta suna lilo.

"Alhaji, a kauce, nauyi gare ta," in ji Zoulaïha. "Ta ce in ba za a bar guzurinta ya shigo ba, ita za ta fito. Ta fara jan ciki, na tarar da ita a bakin ƙofar ɗaki. In bar ta ta ja ciki a taɓo?"

Zauren ya watse. Mai jar hula ne ya fara fita, ya bar takalmi ƙafa ɗaya. Sauran suka bi shi suna karo da juna, kowa ido a ƙasa, don ba mai son a ce ya tsaya ya ƙare wa matar Alhaji kallo. Baffa ya ja hannun babbar riga ya kare fuska, ya tsaya a bakin ƙofar waje ya ba su baya.

"Wannan gida ya lalace," ya ce wa titi. "Mata sun karɓe shi."

Zoulaïha ta durƙusa, Mounira ta tallafa da gwiwar hannu, suka kwantar da Inna a tabarmar da Baffa ya tashi. Ba ta fi nauyin ɗaurin itace ba. Idanunta suka yi yawo a rufin zaure, suka sauka kan ɗanta.

"Massaoudou."

Ya yi tsaye kamar an dasa shi. Ɗan fari ne. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ta ɗauki kunyar gidan mijinta ta riƙe fiye da matan da aka haifa a ciki. Sai dai ta ce wannan, ko maigidan Zoulaïha. Yau yana da shekara arba'in da uku ya ji sunansa a bakinta.

"Na'am, Inna."

"Zo ka riƙe mini kai. Ba na iya ɗagawa."

"Inna…"

"Na shayar da kai, na kai ka makarantar allo da hannuna. Na taɓa hana ka salla?"

"A'a."

"Na taɓa sa maka abin da ba ka ci a tukunya?"

"A'a, Inna."

"To riƙe mini kai."

Ya dubi bayan Baffa. Ya dubi matarsa, wadda ta tsaya ta kama ƙugu tana haki, ba ta da niyyar komawa ciki. Sannan ya zube a kan gwiwoyinsa, ya sa ƙaton tafinsa a ƙarƙashin kan uwarsa ya ɗaga. Fuskarsa ya juya ga bango.

Babu tebur, babu kyandir. Mounira ta warware farin ƙyallen da ke cikin jakar ta shimfiɗa a kan cinyarta, ta ɗora gwangwanin. Yatsunta sun sandare saboda riƙo, da kyar murfin ya buɗu. Ita da Inna suka yi alamar gicciye. Inna ta roƙi gafarar zunubanta, leɓunanta suna motsi, rabi da Hausa rabi da harshen da ta tashi da shi. Da ta zo addu'ar da ake yi kafin karɓa, inda mutum ke shaida cewa bai isa a shigo masa gida ba, sai ta yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari.

"Yau kam a zaure muka haɗu," ta ce.

Mounira ta ga guda ba zai wuce ba. Ta gutsuro ɗan ƙarami kamar ƙwayar shinkafa, ta ɗaga.

"Jikin Almasihu."

"Amin."

Ta ɗora mata a harshe. Inna ta rufe baki, maƙogwaronta ya motsa, ya sake motsawa, abin ya ƙi tafiya. Idanunta suka firfito.

"Ruwa!" in ji Mounira. "Zoulaïha, ruwa!"

Kafin Zoulaïha ta juya, Massaoudou ya miƙa hannunsa na hagu ya janyo kofin da ke kan randar zaure, ya mayar dama, ya kafa a leɓen uwarsa. Da kaɗan-kaɗan, yadda ake ba ɗan maraƙin da uwarsa ta mutu. Ta haɗiye. Ta yi ajiyar zuciya mai tsawo, jikinta ya saki a hannunsa, har Mounira ta tsorata. Amma numfashin yana nan, ya ma fi na ɗazu daidaito.

"Na samu," in ji Inna, idonta a rufe. "Yanzu kowa ya yi abin da ya ga dama."

Mounira ta rufe sauran a gwangwanin ta mayar wuya. Sai a lokacin ta ji zafi, ta shafa, ta ga ɗan jini a yatsa.

"Ba don na yarda ba ne," in ji Massaoudou, har yanzu yana kallon bango.

"Ban ce ka yarda ba."

"Kuma gobe ma zan roƙe ta. Har ta daina ji."

"Roƙe ta. Ni ma kullum ina roƙo a kanka. Mai sunana, Monika, shekaru ta yi tana yi wa ɗanta kuka har ya juyo."

"Allah ya kiyaye. Ki nemi wani ɗan."

Inna ta buɗe ido ɗaya. "Wannan," ta ce, ta koma yadda ta saba kiransa. "Nan ina ne?"

"Zaure ne, Inna."

"Maza suna shiga zaure?"

Zoulaïha ta sa bakin ɗankwali ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa don dariya.

"To a kira mini Fada. Akwai abin da zan faɗa masa, da man da zai shafa mini. Ba zan koma ciki ba sai ya zo."

"Massaoudou, in ka yarda da wannan, ƙafata ta bar gidanka," in ji Baffa daga ƙofa.

Massaoudou bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya gyara wa uwarsa kai a kan cinyarsa, ya ja gefen rigarsa ya rufe mata ƙafafu. Mounira ta ɗauki shirun nan a yadda ya yi mata, ta fito da waya ta kira Fada Sirili. Ya ce ga shi nan, ya tambaya ko an yi dambe. Ta ce kaɗan.

Ba a yi minti biyar ba suka ji ƙarar mota ta tsaya a ƙofar gida.

"Har ya iso?" in ji Zoulaïha, ta ruga bayan labule ta leƙo da ido ɗaya.

Mounira ta leƙa ta gefen Baffa. Ba Fada ba ne. Wata tsohuwar akori-kura ce, taɓo har gilashi, an shimfiɗa katifa a bayanta. Wani dattijo ya sauko daga gaba, baƙi, gajere, da tsage a kumatu da wutsiyar saniya a hannu. Mutanen da suka gudu daga zaure suka dare suka ba shi hanya ba tare da sun san dalili ba. Bai yi sallama ba. Ya tsaya a gaban Baffa har sai da Baffa ya matsa, ya shigo da takalmansa, ya tsaya a kan Inna yana kallonta. Ya kira ta da wani suna da 'ya'yanta ba su taɓa ji ba.

Inna ta buɗe ido. Mounira ta ji hannun uwarta ya damƙi nata da ƙarfin da ba ta san ya rage mata ba.

"Malam, lafiya?" in ji Massaoudou. "Wane ne kai?"

"Daga Pélébina," in ji dattijon, da Hausa mai nauyi. "Gidan ubanta. Ku naku na salla, wannan nata na coci, duk mun ji. Mu ba a tambaye mu ba." Ya nuna motar da wutsiyar. "'Yar gidanmu ba ta mutuwa a hannun baƙi, ba a kuma binne ta a ƙasar baƙi. Na zo da katifa. Ku ɗauko ta."

Massaoudou ya dubi ƙanwarsa. Mounira ta mayar da hannu kan jakar da ke ƙirjinta, ta tashi, ta tsaya tsakanin dattijon da tabarmar.